Wa Ke da Ikon Ɗora Mace a Sikeli?

Duk wanda ya san Gadarif, a gabashin Sudan kusa da iyakar Habasha, ya san gari ne na awo. Tun cikin shekarun 1940 da aka fara noman tarakta a baƙar ƙasar laka ta wannan yanki, dawa da riɗi ne arzikinsa, kasuwar amfanin gonarsa kuwa tana cikin mafi girma a ƙasar duka. Da kintar ake auna riɗi, da ardab ake auna dawa. Hausawa da yawa suna zaune a garin da ƙauyukansa, jikokin mahajjatan da suka bi hanyar gabas da ƙafa, da na waɗanda suka yi ƙaura bayan yaƙin Burmi na 1903. Manomi da ɗan kasuwa za su iya yin gardama tun safe har rana ta take, amma da zarar an ɗora buhu a sikeli magana ta ƙare. Ba wanda yake jin haushin sikeli, gama buhu ba shi da rai, ba ya kuma jin kunya.

To, idan abin da za a ɗora ɗin 'yar mutum ce fa? Ya dace hukuma ta kafa doka a kan nauyin jikin mace, ta ce ƙasa da kilo kaza ba za ki yi aiki ba? Wannan tambaya ta taso ne a Turai, a cikin sana'ar tallan kayan ƙawa, inda 'yan mata suke sa sababbin ɗinki suna tafiya a kan dandamali domin masu saye su gani. Mai karatu zai iya cewa wannan damuwar masu ƙoshi ce, ba ta shafi ƙasar da yaƙi da yunwa suka addaba ba. Amma idan ya yi haƙuri zai ga ta shafi Gadarif, ta shafi Kano da Maraɗi, sai dai ta wata fuska dabam.

A watan Agusta na 2006 wata yarinya 'yar ƙasar Uruguwai mai suna Luisel Ramos, mai shekara 22, ta sauko daga dandamali a birnin Montebidiyo, ta faɗi, zuciyarta ta tsaya. Ta daɗe tana hana kanta abinci. A watan Nuwamba na wannan shekara Ana Carolina Reston ta Birazil ta rasu tana da shekara 21, nauyinta wajen kilo 40, alhali tsawonta ya wuce mita 1.7. A watan Fabrairu na 2007 ƙanwar Luisel, Eliana, ita ma mai tallan kaya, ta bi yayarta tana da shekara 18. Gida ɗaya, 'ya'ya biyu, cikin wata shida. Likitoci suna kiran cutar anoreksiya, wato cutar ƙin cin abinci, inda mutum yake duba madubi ya ga ƙiba alhali ya zama ƙashi da rai. Tana cikin cututtukan tunani da suka fi kisa.

Hukumomi suka tashi. A watan Satumba na 2006 masu shirya bikin nuna kaya na birnin Madrid a Sipaniya suka hana duk wadda ma'auninta na BMI bai kai 18 ba hawa dandamali. Wannan ma'auni lissafi ne mai sauƙi: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau kansa. Mace mai tsawon mita 1.75 tana bukatar kilo 55 kafin ta kai 18. Isra'ila ta mai da abin doka a 2012, ta sa iyaka a 18.5. Majalisar Faransa ta zartar da tata a Disamba 2015, ta fara aiki a 2017: dole mai tallan kaya ta kawo takardar likita, wanda ya ɗauke ta aiki ba takarda kuwa ana iya cin sa tarar yuro 75,000 da ɗaurin wata shida. Aka kuma wajabta cewa hoton talla da aka gyara da kwamfuta domin a sirantar da jiki ko a kumbura shi, sai an rubuta a kansa cewa gyararre ne.

Yanzu a dawo gida. A Sudan, kamar a ƙasar Hausa, tun kaka da kakanni cikar jiki ita ce kyan mace. Amarya takan shiga ɗaka kafin biki, a yi mata dilka da turaren hayaƙi na dukhan, a dinga ɗura mata madidar hulba da madara har ta yi ɓul-ɓul. Matan Kano ma sun ari dilka daga can. Mace mai jiki shaida ce cewa gidan ubanta da hatsi, mijinta kuma yana riƙon ta da kyau. Siririya kuwa ana yi mata kallon mai ciwo ko mai baƙin ciki. Ba banza ba Hausawa suka sa wa cutar nan suna ƙanjamau, daga ƙanjamewa. Tun daga lokacin, macen da ta rame ba a barin ta da ramarta kaɗai, sai an haɗa mata da zargi. A yankin Gadarif akwai ƙarin dalili, domin cutar kala-azar, wadda wani ƙaramin ƙuda yake yaɗawa a ƙauyukan bakin kogin Atbara da Rahad, tana zuwa da dogon zazzaɓi da kumburin saifa da rama mai tsanani, kuma tana kisa idan ba a yi magani ba. Wanda ya taɓa binne ɗan'uwa da ya ƙare a tsaye ba zai yi sha'awar ganin ƙashin wuyan 'yarsa ba.

Madidar hulba ba ta kashe kowa. Abin da ya shigo bayanta shi ne matsalar. A 2016 'yar jarida Yousra Elbagir ta rubuta wa BBC yadda 'yan matan Khartum suke sayen ƙwayoyin ƙiba a ɓoye, ba takardar likita, an ƙulle su a leda, an sa musu sunayen zolaya irin su cinyar kaza da mamakin maƙwabta. Shekaru 15 kafin haka, a 2001, jaridar New York Times ta kawo irin wannan labari daga Maraɗi, inda mata suke shan har magungunan da aka yi domin dabbobi. A Kano ana ce wa irin waɗannan ƙwayoyi sha-ka-fashe, sunan kaɗai ya isa gargaɗi. Galibinsu iri biyu ne. Akwai siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura da yake buɗe ciki ya kuma sa barci. Akwai deksametason da danginsa, magani mai ƙarfi da likita yake bayarwa da lissafi ga mai asma ko kumburi.

Ya kamata a tsaya a kan wannan na biyu, gama mata da yawa ba su san abin da yake yi ba. Ba tsoka yake ginawa ba. Ruwa yake tarawa a jiki, ya kwashe kitse ya jibge a fuska da ciki da ƙeya, ƙafafu da hannuwa kuwa su motse. Fuska ta yi zagaye kamar wata, mutane su ce ai wance ta yi kyau, kyan ɗan maciji ke nan. A ciki sukari yana hawa, jini yana hawa, ƙashi yana zaizayewa, fata tana tsagewa, garkuwar jiki tana raunana, har tarin fuka da sauran cututtukan da suke kwance su sami hanya. Abu mafi haɗari kuma shi ne wannan: akwai wasu ƙananan halittu biyu a bisa ƙoda da suke samar wa jiki irin wannan sinadari da kansa. Idan aka daɗe ana shan ƙwayar, sai su daina aiki. Ranar da mace ta yanke shan ta farat ɗaya, saboda kuɗi sun ƙare ko biki ya wuce, jininta zai iya faɗuwa ƙasa warwas, ta suma, wani lokaci ta mutu. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, tsalle dubu ba ya fid da shi.

Ashe yarinyar Montebidiyo da amaryar Gadarif hanya ɗaya suke bi, ɗaya ta nufi gabas ɗaya ta nufi yamma. Dukansu suna lalata jiki domin su cika ma'aunin da wani ya yanka musu. Littafin Esta, sura 2, ya nuna abin tsoho ne: an tattara 'yan mata daga lardunan Farisa, aka tsare su wata 12 ana gyara musu jiki da mai da turare, duk domin idon mutum ɗaya. Ba a rubuta cewa an tambaye su ba.

Masu adawa da doka suna da hujja, ba kuwa ta wasa ba ce. Suna cewa jikin mutum nasa ne. Mace baliga mai hankali, idan ta zaɓi ta rame domin sana'a, ko ta yi ƙiba domin aure, ina ruwan gwamnati? Ɗan dambe yana karɓar duka a ka, mai haƙar zinariya yana shiga rami, direban babbar mota yana kwana a hanya, ba a ce a auna su ba. Idan yau hukuma ta ce wance ta cika rama, me zai hana gobe ta ce wane ya cika teɓa?

Sai dai kalmar zaɓi tana bukatar a juya ta a ga cikinta. 'Yan matan da ake ɗauka wannan sana'a sau da yawa yara ne 'yan shekara 15 ko 16, daga gidajen talakawa, a ƙasar da ba su jin harshenta, da bashin kuɗin jirgi da na ɗaki a wuyansu. Mai ɗinki ya riga ya yanka rigar gwaji a kan awo ɗaya tak. Ba rigar ake gyarawa ta dace da yarinya ba, yarinyar ake sassaƙewa ta shiga riga, wadda ba ta shiga ba akwai ɗari a bayanta suna jira. Haka budurwar da gwaggo da uwar miji da ƙawaye suka sa a gaba da gori, wata biyu kafin biki, kowa yana cewa a yi wani abu kada a kunyata dangi. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ita an ce lalle ta fafe, sai ta nufi mai ƙwaya. Wanda aka ce masa ko ka sha ko ka rasa abinci, ko ka sha ko ka zama abin dariya, ya zaɓa ne, i, amma irin zaɓin wanda aka ritsa a lungu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, a nan kuwa warin daddawar ya fi ƙarfin ɓeran nesa ba kusa ba.

Har wa yau lahanin ba ya tsayawa a kan mai jikin. A tsibirin Fiji, inda mutane suke ƙaunar cikar jiki kamar Hausawa, talabijin ya isa wani yanki a 1995. Wata likita daga jami'ar Harvard, Anne Becker, ta binciki 'yan matan makarantar yankin a wannan shekara, ba ta sami ko ɗaya da take jawo amai domin ta rame ba. Da aka koma a 1998, fiye da kashi 11 cikin ɗari suna yi. Shekara uku kacal. Abin da talabijin ya yi wa Fiji, wayar hannu tana yi wa kowane gari yanzu, har ma ta ƙara rikitarwa, gama hoton da yake yawo a Instagram da TikTok yana neman ƙugu siriri tare da ƙirji da ɗuwawu manya, siffar da sau da yawa kwamfuta ce ko wuƙar likita ta ƙera ta. Yarinya tana tsakanin kakarta mai cewa ki ci da wayarta mai cewa kada ki ci.

Duk da haka, a yarda cewa akwai cuta ba ya nufin kowace doka magani ce. Ma'aunin BMI wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi cikin shekarun 1830 domin ya kwatanta taron jama'a, ba domin ya yanke wa mutum ɗaya hukunci ba, jikin Turawa kuma ya auna. Mutanen Sudan sun fi kowa sanin gurguncinsa. Dinka da Nuwer dogaye ne masu dogayen ƙafafu, lafiyayyen mutum a cikinsu zai iya faɗuwa ƙasa da 18.5 yana cin tuwonsa sarai. Alek Wek, wadda aka haifa a Wau a 1977, ta gudu daga yaƙi ta isa Ingila a 1991, ta fito a bangon mujallar Elle a 1997, ta buɗe wa 'yan matan Sudan ta Kudu ƙofar wannan sana'a. Dokar da ta dogara ga lamba kaɗai za ta iya korar irinta saboda halittar da aka yi mata, ta kuma ƙyale mai cutar da nauyinta ya ɗara iyaka da kilo ɗaya, ko wadda ta ɗura ruwa kafin a auna ta. Faransa ta gane wannan. Da farko an kawo shawarar a sa iyaka ta lamba, daga baya aka janye, aka bar wa likita ya duba lafiyar mutum gaba ɗaya, da shekarunsa da ƙirar jikinsa.

Akwai tsoro na biyu, matan Sudan kuwa sun ɗanɗana shi da jikinsu. Sashe na 152 na dokar laifuffuka ta 1991 ya ba da damar a yi wa mace bulala har 40 saboda tufafin da ɗan sanda ya ga bai dace ba. A 2009 aka kama 'yar jarida Lubna Hussein a Khartum domin ta sa wando. A 2010 aka kama waɗanda suka yi bikin nuna kaya a birnin, kotu ta ci tarar maza 7 saboda sun yi kwalliya, tare da matar da ta yi musu. Sai a Nuwamba 2019, bayan faɗuwar Umar al-Bashir, aka soke dokar tsarin jama'a da ake fakewa da ita. Darasin a bayyane yake ga duk wanda ya ga zamanin: sa'ad da hukuma ta sami izinin duba jikin mace, talakawan mata ne suke shan bulalar, masu sayar da shayi da 'yan gudun hijira, ba matan manya ba. Wanda ya miƙa wa irin wannan hukuma sikeli, ya ƙara mata bulala ne.

To ina mafita? Akwai wata tsohuwar doka a Maimaitawar Shari'a, sura 22, da ta umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani a gefe, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Abin lura shi ne wanda aka ɗora wa nauyin. Ba a hana mutane hawa soro ba, ba a sa wa wanda ya faɗo tara ba. Mai ginin aka kama, shi da ya tsara wurin, yake kuma cin amfaninsa. Idan aka auna dokokin Turai da wannan, za a ga inda suka yi daidai. Dokar Faransa ba ta hukunta yarinyar da ta rame, kamfanin da ya ɗauke ta take hukuntawa. A 2017 manyan kamfanoni biyu, LVMH da Kering, suka yi alkawarin daina neman mata masu awon riga na 32 na Faransa, da daina sa yara 'yan ƙasa da 16 tallan kayan manya. Wannan ya fi kusa da tushen ciwon, domin ya taɓa rigar da kanta. Ko ana cika alkawarin kullum, wannan wata magana ce, takardar likita ma ana iya samun ta a wurin likita mai sakaci. Amma raunin masu tsaro ba ya mai da rawani abin banza.

Saboda haka amsar ta rabu biyu. Nauyin jikin mutum ba abin da doka za ta yanka wa iyaka ba ne. Amma ciniki da jikin mutum, wannan doka tana da hakki a kansa, har wajibi ne. A Gadarif da Kano da Maraɗi mai ginin soron ba kamfanin ɗinki ba ne, shi ne mai shigo da ƙwaya da mai ƙulle ta a leda, da mai haɗa ta cikin tsimi ko garin kunu ya ce na gargajiya ne. Dokar ma tana nan. Sudan tana da dokar magunguna da guba ta 2009 da hukumar da take kula da ita, Nijeriya tana da NAFDAC tun 1993, deksametason kuwa magani ne da bai kamata a sayar ba sai da takardar likita. Ba sabuwar doka ake nema ba, a yi aiki da wadda take kwance.

Akwai kuma wurin da ɗan sanda ba ya shiga. Ba kotun da za ta ci tarar gwaggo domin ta ce wa yarinya kin zama kamar sillen kara. Wannan aikin gida ne, da na taron mata, da na masu koyar da waɗanda za su yi aure, a majami'a ko a masallaci. Masu bi da suke koyar da cewa jiki haikali ne, amana kuma, sukan tuna da wannan sa'ad da ake maganar giya da taba, su manta da shi sa'ad da ake shirya amarya. Ango ma yana da baki. Da wuya budurwa ta haɗiyi guba idan wanda zai aure ta ya faɗa a gaban iyayensa mata cewa yadda take ta yi masa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, Gadarif ta karɓi ɗimbin mutanen da suka gudo daga Khartum, da Wad Madani a ƙarshen 2023, da Sinja a 2024, bayan 'yan gudun hijirar Tigrai da aka sauke a sansanin Um Rakuba tun 2020. A irin waɗannan wurare ma ana awon jiki. Ma'aikaciyar lafiya takan naɗa wani ɗan tsiri mai launi uku a damtsen yaro, idan bai kai santimita 11.5 ba ya faɗa ja, wato tamowa mai tsanani. Ba uwar da take ƙin wannan awo, har layi suke yi tun asuba, gama bayan awon abinci ake ba yaron, ba korar sa ake yi ba. A cikin wannan taro akwai 'yan matan da gudu da yunwa suka ramar, bukukuwan aure kuwa ba su tsaya ba, ƙwayar wata guda ta fi naman wata guda araha. Wadda ta riga ta yi makonni tana shan deksametason kada ta yar da shi dare ɗaya. Ta kai ledar yadda take wurin likita ko ma'aikacin asibiti, ya ga irin ƙwayar da yawanta, ya rage mata kaɗan kaɗan har halittun nan na bisa ƙoda su farka su koma aikinsu, abin da kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni.